Dabarun MRCP na ɗaukar hoton bututun matsarmama da fankiriyas

MRCP hanya ce ta ɗaukar hoton cikin jiki da na'urar MRI, don ganin bututun da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji, da jakar matsarmama, da kuma bututun fankiriyas. Ba a zura wa majiyyaci komai ta baki, ba a yi masa tiyata, kuma ba a haska masa hasken eksire. Na'urar tana aiki ne da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo, kuma ruwan da ke kwance a cikin bututun shi ne ke fitowa fari fat a hoton.

Akwai dabaru da dama a ƙarƙashin wannan suna. Sun bambanta a tsawon lokacin ɗauka, da kaurin yankin jikin da hoto ɗaya ke nunawa, da ko majiyyaci zai riƙe numfashi, da ko za a yi masa allura. Dabarar da ta fi sauri takan rasa ƙananan abubuwa, wadda ta fi nuna ƙananan abubuwa kuma takan ɗauki lokaci, motsin numfashi ya ɓata ta. Saboda haka asibitoci kan haɗa biyu ko uku a zama ɗaya. Zaɓin yana da muhimmanci, domin da wannan hoton ne likita ke yanke shawarar ko za a shiga bututun da na'ura, ko a yi tiyata, ko a bar majiyyaci ya huta.

## Gaɓoɓin da ake dubawa

Hanta ce ke samar da ruwan matsarmama, wanda ke taimakawa wajen narkar da maiƙo. Ruwan yana taruwa ta ƙananan bututu a cikin hanta, su haɗu su zama bututu biyu, na dama da na hagu, su kuma su haɗe a ƙofar hanta. A ƙasa kaɗan bututun jakar matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya, yake shigowa, daga nan sai babban bututun matsarmama ya gangara zuwa farkon ƙaramin hanji. A baligi faɗin wannan babban bututu bai cika wuce milimita 6 ko 7 ba, sai dai yakan ɗan ƙaru da tsufa ko bayan an cire jakar.

Fankiriyas gaɓa ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi. Ita ke samar da insulin, kuma tana fitar da ruwan narkar da abinci ta wani siririn bututu da bai cika wuce milimita 3 ba. Johann Georg Wirsung ne ya bayyana wannan bututu a birnin Padua na Italiya a 1642. A yawancin mutane bututun fankiriyas da na matsarmama suna haɗuwa su buɗe a ƙofa ɗaya a jikin hanji, wadda wata tsoka mai zagaye ke buɗewa tana rufewa. Ana kiran tsokar da sunan Ruggero Oddi, wanda ya yi bayaninta a 1887.

Idan tsakuwa, ko ƙari, ko tabon rauni ya toshe wannan hanya, ruwan yakan taru a baya, bututun ya kumbura, idanu su yi rawaya, wato ciwon shawara. Toshewar kan iya jawo zazzaɓi mai tsanani ko kumburin fankiriyas, kuma kowannensu na iya kisa.

## Yadda hoton ke samuwa

Na'urar MRI tana sauraron saƙon da ƙwayoyin haidirojin na jiki ke mayarwa bayan an girgiza su da igiyar rediyo. Saƙon yakan dushe da sauri a nama mai tauri kamar hanta, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan. A ruwan da ke tsaye wuri ɗaya kuwa yakan daɗe fiye da sakan guda. Ana kiran wannan lokacin dushewa T2. Idan na'urar ta jinkirta sauraro har saƙon nama ya mutu, saƙon ruwa kaɗai zai rage, sai bututun su fito farare a kan baƙi kamar rassan bishiya. Tsakuwa ba ta da ruwa sosai, don haka takan bayyana a matsayin ɗigon baƙi a cikin farin.

Yawancin dabarun MRCP a kan wannan tushe suke. Na'urorin da aka fi amfani da su su ne masu ƙarfin tesla 1.5 da tesla 3. Mai tesla 3 ta fi nuna ƙananan rassa, amma ta fi saurin ɓata hoto a kusa da ƙarfe ko iskar hanji, ko idan ruwa ya taru da yawa a ciki.

## Tarihi

Kafin MRCP, hanyar da aka dogara da ita ita ce ERCP, wadda William McCune da abokan aikinsa suka fara bayyanawa a Amurka a 1968. A ERCP ana zura bututu mai kyamara ta baki har zuwa hanji, a tura ruwan rini cikin bututun matsarmama, a ɗauki hoton eksire. A 1974 likitoci a Jamus da Japan suka fara yanka tsokar Oddi ta wannan hanya don fitar da tsakuwa, sai ERCP ta zama hanyar magani ban da bincike.

A 1986 Jürgen Hennig na Freiburg a Jamus ya fito da dabarar RARE, wadda ke tattara saƙo da yawa daga girgiza ɗaya, ta rage lokacin ɗauka ƙwarai. A 1991 Bernd Wallner da abokan aikinsa a Jami'ar Ulm suka wallafa hotunan MRCP na farko na kumburarren bututun matsarmama, amma dabararsu ba ta iya nuna bututun da bai kumbura ba sosai. A 1994 Yasuo Takehara a Japan, sannan a 1995 Jörg Laubenberger a Freiburg, suka nuna cewa dabarun dangin RARE na iya ɗaukar hoton cikin riƙe numfashi ɗaya. A 1997 Celso Matos da abokan aikinsa a Brussels suka wallafa aikinsu kan hoton fankiriyas bayan allurar sikiritin. A 2007 Michael Lustig, David Donoho da John Pauly suka bayyana yadda za a gina hoton MRI daga bayanai kaɗan, dabarar da daga baya ta gajarta MRCP mai fuska uku.

## Shirin majiyyaci

Ana buƙatar majiyyaci ya daina ci da sha na awa 4 zuwa 6. Wannan yana sa jakar matsarmama ta cika, ruwan tumbi ya ragu, motsin hanji ya lafa. Ruwan da ke cikin tumbi da hanji shi ma fari yake fitowa, yakan rufe bututun da ake nema. Don magance haka wasu asibitoci kan ba da ruwan abarba jim kaɗan kafin a fara, domin sinadarin manganis da ke cikinsa yana baƙanta ruwan hanji a hoton. Zaman gaba ɗaya yakan ɗauki minti 20 zuwa 45.

## Dabarun da ba sa buƙatar allura

### Falle mai kauri

A nan ana ɗaukar hoto ɗaya na yanki mai kaurin santimita 3 zuwa 8, cikin sakan 1 zuwa 3. Hoton yana nuna bishiyar bututun gaba ɗaya, kama da wanda ERCP ke bayarwa. Akan maimaita shi daga kusurwa daban-daban. Saurinsa ne amfaninsa: tsoho mai haki, ko yaro, ko wanda ciwo ya galabaita, duk za su iya riƙe numfashi na sakan biyu. Matsalarsa ita ce komai na cikin kaurin yana taruwa a wuri ɗaya. Farin ruwan da ke gaba da bayan ƙaramar tsakuwa yakan binne ta, kuma ruwan hanji na iya hawa kan bututu.

### Siraran falle masu yawa

Wannan dabara tana yanka wurin falle-falle, kowanne mai kaurin milimita 3 zuwa 5, cikin riƙe numfashi na kusan sakan 20, sau ɗaya ko biyu. Kamfanin Siemens yana kiranta HASTE, kamfanin GE kuma SSFSE. Tana nuna bangon bututu da naman da ke kewaye, kuma ta fi falle mai kauri gano tsakuwa. Idan majiyyaci bai riƙe numfashi daidai a kowane karo ba, fallen ba za su jeru ba, kuma ƙaramin abu na iya faɗawa tsakanin biyu.

### Hoto mai fuska uku da ke bin numfashi

Hoto mai fuska uku, wato 3D, yana ɗaukar wurin a dunƙule, da tsawo da faɗi da zurfi, a yanka masu kaurin milimita 1 zuwa 2 ba tare da giɓi ba. Majiyyaci yana numfashi yadda ya saba, na'urar kuma tana lura da motsin ƙirji ko na saman hanta, tana ɗauka ne kawai a ƙarshen kowace fitar numfashi. Yakan ci minti 3 zuwa 6, ko fiye idan numfashin a hankali yake. Sunayen kasuwancinsa sun haɗa da SPACE, CUBE da VISTA.

Wannan ita ce dabarar da ta fi nuna ƙananan rassan cikin hanta da rassan bututun fankiriyas, kuma kwamfuta na iya juya hoton ta kowace fuska. Amma tana buƙatar numfashi mai tsari. Idan majiyyaci yana tari, ko barci ya ɗauke shi, ko numfashinsa yana hawa yana sauka, duk hoton yakan yi hazo, mintunan su tafi a banza.

### Hoto mai fuska uku cikin riƙe numfashi ɗaya

Sababbin na'urori suna iya ɗaukar hoton 3D cikin sakan 15 zuwa 20. Wata hanya ita ce a tattara wani kaso kaɗan na bayanan, lissafin kwamfuta ya cike sauran. Wannan ya dace da MRCP domin yawancin hoton baƙi ne, farin kaɗan ne. Wata hanyar kuma ita ce GRASE, wadda ke haɗa nau'i biyu na saƙo. Babban bututu yakan fito sarai, wani lokaci fiye da yadda yake fitowa a doguwar dabarar, musamman ga mai numfashi marar tsari. Ƙananan rassa ne suka fi dushewa. A 'yan shekarun nan ana ƙara amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tace irin waɗannan hotuna.

## Dabarun da ake yi da allura

### Sikiritin

Sikiritin sinadari ne da hanji ke fitarwa, wanda William Bayliss da Ernest Starling suka gano a Landan a 1902. Yana sa fankiriyas ta zubo da ruwa mai yawa. Idan aka yi allurarsa ta jijiya, sai a riƙa ɗaukar falle mai kauri duk bayan sakan 30 ko minti ɗaya har kusan minti 10. Lafiyayyen bututu yakan ɗan buɗe a mintunan farko, sannan ya koma yadda yake, farkon hanji kuma ya cika da ruwa. Dabarar tana fito da siririn bututun da ba a gani da kyau, da wurin da ya tsuke ko ya fashe, kuma yawan ruwan da ya isa hanji yana nuna ƙarfin aikin fankiriyas. Maganin yana da tsada, ba a samunsa a ƙasashe da yawa, kuma ana guje masa yayin da fankiriyas ke cikin sabon kumburi.

### Rinin da hanta ke fitarwa

Akwai ruwan rini mai ɗauke da gadoliniyam wanda ƙwayoyin hanta ke zuƙa daga jini su zuba cikin ruwan matsarmama. Na farko shi ne gadozetet, mai sunan kasuwa Primovist a Turai da Eovist a Amurka, wanda aka amince da shi a Turai a 2004, a Amurka kuma a 2008. Kusan rabinsa ta matsarmama yake fita, kuma bututun yakan haskaka bayan kimanin minti 20. Na biyu shi ne gadobenet, mai suna MultiHance, wanda kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari kawai ke bin wannan hanya, don haka sai an jira awa ɗaya zuwa biyu.

Hoton T2 yana nuna inda ruwa yake kwance ne kawai. Wannan dabarar kuwa tana nuna inda ruwan matsarmama ke gudana. Idan ruwa ya taru kusa da hanta bayan tiyata, ita ce ke tabbatar da ko matsarmama ce ke yoyo da kuma daga ina. Ba ta nuna bututun fankiriyas, kuma idan shawara ta yi yawa ko hanta ta raunana, rinin ba ya fita da kyau. Dole ne a ɗauki hoton T2 kafin rinin ya isa bututun, domin yana baƙanta ruwan a wancan hoton.

## Kwatanci a taƙaice

| Dabara | Lokaci | Numfashi | Inda ta fi amfani | Rauninta |
|---|---|---|---|---|
| Falle mai kauri | sakan 1–3 | a riƙe kaɗan | ganin bishiyar gaba ɗaya | tana ɓoye ƙaramar tsakuwa |
| Siraran falle | kusan sakan 20 | a riƙe | tsakuwa da bangon bututu | fallen kan kauce wa juna |
| 3D mai bin numfashi | minti 3–6 | yadda aka saba | ƙananan rassa, shirin tiyata | hazo idan numfashi ba tsari |
| 3D mai sauri | sakan 15–20 | a riƙe | mai numfashi marar tsari | ƙananan rassa kan dushe |
| Sikiritin | kusan minti 10 | a riƙe kaɗan-kaɗan | bututu da aikin fankiriyas | tsada da ƙarancin magani |
| Rinin hanta | minti 20 zuwa awa 2 | a riƙe | yoyon matsarmama | ba ya aiki idan shawara ta yi yawa |

## Wace dabara ga wace cuta

Tsakuwa a babban bututu. Siraran falle da hoton 3D ne abin dogaro. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba, ko wadda ta maƙale a bakin hanji inda babu ruwa kewaye da ita, ita aka fi rasawa. Masu ciwon sikila, waɗanda suke da yawa a Najeriya da Nijar, suna yawan samun tsakuwar matsarmama tun suna yara saboda saurin fashewar jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma a wajensu shawara na iya zuwa daga jini ko daga toshewa, abin da hoton ke taimakawa a bambance.

Ciwon daji. MRCP tana nuna inda toshewa take da bututun da ke sama da ita, har waɗanda rinin ERCP ba zai iya kaiwa ba. Idan bututun matsarmama da na fankiriyas suka kumbura tare, ana zargin ƙari a kan fankiriyas ko a ƙofar hanji. Hoton bututu kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da hoton naman gaɓar bayan allurar gadoliniyam don a ga girman ƙarin da jijiyoyin jinin da ya taɓa.

Daɗaɗɗen kumburin fankiriyas da bambancin halitta. A wani kaso na mutane, kusan 5 zuwa 10 cikin ɗari, bututu biyu na fankiriyas ba su haɗe ba tun a ciki. Hoton 3D yana nuna haka, sikiritin kuma yana ƙara fito da shi.

Ƙullutun fankiriyas mai ruwa. Abin da ake nema shi ne ko ƙullutun yana haɗe da babban bututu, kuma da yake ana bibiyarsa shekara da shekaru, rashin hasken eksire riba ce.

Mai ba da gudummawar hanta. Kafin a yanki ɓangaren hantar mai rai, likitan tiyata yana buƙatar taswirar rassan, domin tsarinsu ya bambanta daga mutum zuwa mutum. A nan akan haɗa 3D da rinin hanta.

## Abubuwan da ke yaudarar mai karatu

Kumfar iska a cikin bututu baƙa take fitowa kamar tsakuwa. Ana bambance su a fallen da aka yanka a kwance: iska tana tasowa sama, tsakuwa tana nutsewa ƙasa. Gudun ruwa kan bar ɗigon baƙi a tsakiyar bututu wanda ba ya bayyana a wata dabarar. Jijiyar jinin hanta ta dama tana gittawa ta bayan bututun, bugunta kan sa wurin ya yi kamar ya tsuke. Maƙalar ƙarfe da aka bari bayan cire jakar matsarmama takan shafe hoton da ke kusa da ita. Hoton da kwamfuta ke harhaɗawa daga 3D kuma yana fifita fari, yana iya share ƙaramar tsakuwa, shi ya sa ake koyar da masu karanta hoto su duba ainihin siraran yankan ɗaya bayan ɗaya.

## MRCP da sauran hanyoyi

Sikanin na ciki, mai aiki da igiyar sauti, shi ake fara yi saboda arha da sauƙin samu. Yana ganin tsakuwar jaka da kumburin bututu da kyau, amma iskar hanji kan rufe ƙarshen babban bututu. Hoton CT ya fi sauri, ya dace da gaggawa da auna yaɗuwar ciwon daji, sai dai tsakuwa da yawa ba sa fitowa a cikinsa, kuma yana da hasken eksire.

Akwai kuma sikanin da ake yi daga cikin hanji ta bututu mai kyamara, wanda ake kira EUS. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta wallafa a 2015 ya nuna cewa MRCP tana gano kusan kashi 93 cikin ɗari na masu tsakuwa a babban bututu, EUS kuma kusan kashi 95, bambancin da bai kai a fifita ɗaya ba. EUS tana da damar ɗebo ɗan nama don gwaji, amma tana buƙatar maganin barci da ƙwararre.

ERCP ce ke iya fitar da tsakuwa ko sa bututun da zai buɗe hanyar da ta toshe. Amma tana jawo kumburin fankiriyas a kusan kashi 3 zuwa 10 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa, ban da zubar jini, da hujewar hanji, da shigar ƙwayoyin cuta. Saboda haka tsarin da aka fi bi yanzu shi ne a bincika da MRCP ko EUS, a ajiye ERCP don wanda aka tabbatar yana buƙatar magani, ko wanda alamun toshewa da zazzaɓi suka yi masa tsananin da jira zai zama haɗari.

## Hani da taka-tsantsan

Ƙa'idodin MRI duka sun shafi MRCP. Ana tambayar majiyyaci ko yana da na'urar daidaita bugun zuciya, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ko maƙalar ƙarfe a jijiyar ƙwaƙwalwa, ko ɓarɓashin ƙarfe a ido. Wasu sababbin na'urori an ƙera su don su jure MRI bisa sharuɗɗa. Mai tsoron matsattsen wuri da ƙananan yara kan buƙaci maganin kwantar da hankali. Dabarun T2 ba sa buƙatar rini, don haka ana yi wa masu ciwon ƙoda, da masu juna biyu idan akwai buƙata. Gadoliniyam kuwa ana guje masa ga mai ciki, kuma tun 2006, lokacin da aka danganta shi da wata cuta mai taurara fata da gaɓoɓi a masu matsanancin ciwon ƙoda, ana duba lafiyar ƙoda da nau'in rinin kafin a yi allurarsa.